Daga Kogin Ottawa zuwa Tafkin Champlain: Neman Iyakokin da Suka Riga Taswira

Aikina awon filaye ne, kuma wanda ya daɗe yana kafa turakun siminti tsakanin gona da gona ba ya iya kallon ƙasa ba tare da ya tambayi inda ta tsaya ba. Da na je Ottawa a kakar bana domin bikin kammala karatun ɗan ƙanena, shugaban taron ya buɗe jawabinsa da cewa muna zaune ne a ƙasar Algonkin wadda ba a taɓa miƙa ta ga kowa ta hanyar yarjejeniya ba. Tun daga nan hankalina ya bar bikin, ya koma kan tambayar daga ina ƙasar ta fara, a ina ta ƙare, kuma wa ya shata ta kafin Bature ya iso da sarƙar awo. Yaron ya ga abin ya tsaya mini a rai, sai ya ce: “Baba, in dai kana da ƙarfin zama a mota, mu je ka gani da idonka.” Ya aro motar abokinsa, muka kama hanya.

Na sayi taswira a wani kantin littattafai, a kan kuɗin da sai da na sake duba takardar ciniki, domin a Kanada farashin da aka liƙa a jikin kaya ba shi ne ake biya ba, sai an je wurin mai karɓar kuɗi a ɗora haraji a kai. Taswirar ta raba mutanen yankin gida biyu bisa harshe. Masu harsunan Algonkiya, wato Ojibwe, Odawa, Algonkin, Cree, Innu, Mi'kmaq, Abenaki, Mahican, Lenape da sauransu, sun mamaye ƙasa mai faɗi tun daga gaɓar tekun Atlantika har can yamma. Masu harsunan Irokwa kuwa, wato Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca, Wendat, Petun, Neutral da Erie, an zuba musu wani launi daban a tsakiya, kewayen tafkunan Ontario da Erie da bakin kogin St. Lawrence. Kowane launi ya tsaya cak a kan layi mai kaifi. Na san yadda ake samun irin wannan layi, domin ni ma ina zana shi, kuma na san ba kasafai ƙasa take yarda da shi ba.

Ba mu bar birnin ba sai da muka tsaya a magangarar ruwa ta Chaudière, wadda madatsar lantarki ta rage wa ƙarfi. A 1613 Bafaranshe Samuel de Champlain ya rubuta cewa matafiyan Algonkin sukan tsaya a nan, su tara taba a akushin itace, babba daga cikinsu ya yi jawabi, sannan a zuba ta cikin ruwan. Daga nan muka bi kogin zuwa Pembroke, inda tsibirin Morrison yake, kuma a nan ne na fara ganin abin da za a iya kira iyaka. Kogin ya matse, ruwansa ya yi ƙarfi ta kowane gefe, ta yadda mai kwalekwale ba shi da zaɓi sai ya sauka ya ɗauki jirginsa a ka. Mutanen da ake kira Kichesipirini sun zauna a wannan maƙogwaro suna karɓar kuɗin fito daga duk mai wucewa, da masara ko fatu ko wata haja. Shugabansu Tessouat ne ya karɓi Champlain a 1613, ya yi masa liyafa, sannan ya hana shi kwalekwalen da zai kai shi ƙasar mutanen Nipissing, har Bafaranshen ya juya. Da Champlain ya tambaye su dalilin zamansu a wannan ƙasa mai ƙarancin albarka, sun amsa masa cewa tsoron harin Irokwa ne ya kawo su. Masu tonon kufai sun samo kayan jan ƙarfe a tsibirin, na kimanin shekara 5,000, kuma jan ƙarfen daga yankin tafkin Superior ya fito, abin da ke nuna hanyar ta tsufa ƙwarai kafin a haifi Tessouat.

Abin da ya burge ni shi ne Kichesipirini ba su da buƙatar zagaye ƙasarsu da shinge. Sun riƙe ƙofa ɗaya, kuma wanda ya riƙe ƙofar ya riƙe kogin. Sauran ƙungiyoyin Algonkin ma da koguna ake sanin su: Weskarini a kogunan Petite-Nation da Lièvre, Matouweskarini a kogin Madawaska. Ƙasar jama'a ita ce kogin da duk rafukan da ke zuba cikinsa, iyakarta kuma tudun da ruwan sama ke rabuwa, wani ya gangara nan, wani ya gangara can. A matsayina na mai awo na yaba da wannan tsari, domin tudu ba ya ƙaura, kuma ba wanda zai tashi da dare ya matsar da shi. Da bazara jama'a kan taru a bakin babban ruwa domin kamun kifi, aure da ciniki, da hunturu kuma su watse gida-gida zuwa dajin farauta.

A kan waɗannan dazuzzukan hunturu ne masana suka daɗe suna jayayya. A 1915 Frank Speck ya zana taswirar filayen farauta na iyalai a yankin Timiskaming da Temagami, kowane da iyakarsa ta tafki ko dutse, ya ce tsari ne na tun kaka da kakanni. A 1954 Eleanor Leacock ta ce cinikin fatu da Turawa ne ya haifar da shi, domin kafin nan abinci ake farauta, kuma mai jin yunwa ba a hana shi harbi a ko'ina. Ni dai ina ganin kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya. Iyalin da ya san dajinsa ya riga Bature, amma tsananta iyaka har a kira wani mai kutse ya fi kama da abin da kasuwa ke jawowa.

Daga Pembroke muka ratsa gandun dajin Algonquin, inda ganyaye suka koma ja da rawaya, muka gangaro kudu. Tsawon sa'o'i ba abin da ake gani sai falalen dutse, tafkuna da bishiyoyi masu farin ɓawo, waɗanda da ɓawonsu ake ɗinka kwalekwale marar nauyi da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Muna ƙetare kogin Severn sai dutsen ya ɓace cikin ɗan lokaci, ƙasa ta buɗe, gonaki suka bayyana. A duk tafiyar ban ga iyakar da ta kai wannan fitowa fili ba, kuma ba mutum ne ya shata ta ba. Arewa da ita ƙasa ba ta da zurfi, sanyi kuma yana saurin sauka, masara ba ta cika nuna ba. Kudu da ita masara, wake da kabewa suna ciyar da gari mai mutum dubu. Sai dai bai kamata a ɗauka duk mai harshen Algonkiya mafarauci ne ba, domin Lenape da Wampanoag da Powhatan na gaɓar teku manoma ne sosai.

A Orillia, a matsatsin ruwan da ya haɗa tafkunan Simcoe da Couchiching, akwai turakun itace na tarkon kifi a ƙarƙashin ruwa, waɗanda wasunsu sun kai kimanin shekara 5,000. Champlain ya ga Wendat suna amfani da su a 1615, daga baya kuma Anishinaabe, wato Ojibwe da 'yan'uwansu, suka gaje su. Yamma da nan, zuwa Midland, ita ce tsohuwar ƙasar Wendat, wadda Faransawa suka kira Huron. Ƙanƙantarta ta ba ni mamaki. Cikin sa'a guda mota za ta ratsa ta, amma a farkon ƙarni na 17 tana ɗauke da mutum 20,000 zuwa 30,000 a garuruwa kusan 20, manyan cikinsu zagaye da kafi. A wurin da aka sake gina tashar 'yan mishan ta Sainte-Marie, wadda aka kafa a 1639, na shiga dogon gida na ɓawon itace, hayaƙi ya cika mini ido, na ga masara rataye a rufi da gadajen kwana jere a gefe biyu, murhu ɗaya na iyali biyu.

A nan taswirata ta fara ba ni kunya. Wendat harshensu ɗan'uwan na Mohawk da Seneca ne, launinsu ɗaya a takarda, amma su ne manyan abokan gabarsu. Aminansu kuwa su ne masu ɗaya launin. Nipissing da wasu Algonkin sukan sauko da kaka, su kafa bukkoki kusa da garuruwan Wendat su yi hunturu, su ba da busasshen kifi da fatu, su karɓi masara da ragar kamun kifi. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da Fulani ke sauka a gonaki bayan girbi zai gane wannan zama ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ɗan mishan Jean de Brébeuf ya rubuta a 1636: a wurin Wendat, hanyar fatauci mallakar wanda ya fara buɗe ta ce da zuri'arsa, ba a binta sai da izininsu da kyauta, kuma wanda aka kama a kanta ba izini ana iya ƙwace masa kaya. Ga mallaka mai ƙarfi, mai hukunci, amma ta hanya ce, ba ta fili ba.

Tafkin Crawford, kusa da Milton, ƙarami ne mai zurfi, ruwan ƙasansa ba ya gauraya da na sama, saboda haka laka tana kwanciya a cikinsa shekara bisa shekara kamar shafukan littafi. A cikin lakar aka sami ƙurar furen masara, wadda ta kai masu bincike ga kufan wani gari na ƙarni na 15 a kan tudu. Masara ta iso kudancin Ontario tun wajen shekara ta 500 miladiyya. Gari irin wannan ba ya wuce shekara 10 zuwa 30 a wuri ɗaya. Idan ƙasa ta gaji, itacen girki ya yi nisa, sai a tashi a sake sabon mazauni. Kakannin Wendat sun daɗe a bakin kogunan da ke ratsa Toronto ta yau kafin su ja arewa, inda zuwa wajen 1600 gaɓar arewa ta tafkin Ontario ta koma dajin farautar barewa, tazara tsakaninsu da abokan gaba. Baturen da ya ratsa irin wannan daji bai ga hayaƙi ba sai ya rubuta cewa ƙasa ce marar mai ita, alhali kowa a yankin ya san wanda ke da ikon farauta a cikinta.

Mun kwana biyu a yankin Six Nations na bakin kogin Grand, mazaunin Haudenosaunee, wato tarayyar al'ummai shida ta Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca da Tuscarora, a gidan kakar wani abokin karatun yaron, kuma ban taɓa tsammanin irin wannan karɓa ba a ƙasar da maƙwabci ke wuce maƙwabci da murmushi kawai, ba gaisuwa, ba tambayar iyali. Tsohuwar ta tambaye ni abin da ba na ci tun kafin ta ɗora tukunya, domin miyar masararsu da naman alade aka saba yin ta, sai ta yi mana da naman barewa. Na tsaya ina kallo tana dafa farar masara da tokar itace har ɓawon ya saki, ta wanke ta ruwa bayan ruwa a kwando, sannan ta haɗa da jan wake. Da na yi yunƙurin ba ta wani abu, ta ɗaure fuska, sai na koma mota na ɗauko turmin atamfa da na yi niyyar kai wa wata, wannan kam ta karɓa da hannu biyu. Man fetur ma a yankinsu ya fi araha, muka cika tanki har wuya.

Ƙanen tsohuwar ne ya ba ni amsar da na fito nema. Ya ce a al'adarsu duniya kashi biyu ce, fili da daji. Fili shi ne gari da gonakinsa, kuma yana hannun mata, su ne masu gona, masu gida, su ne kuma iyayen dangi da ke naɗa shugaba su tuɓe shi. Daji na maza ne, wurin farauta, yaƙi da jakadanci. Baƙo ba ya faɗowa gari kai tsaye. Yakan tsaya a bakin daji ya hura wuta domin a ga hayaƙinsa, sai a fito a tarye shi da kalmomin da aka gada: a share masa hawaye domin ya gani, a buɗe masa kunne domin ya ji, a washe masa maƙogwaro domin ya yi magana, a cire masa ƙayar hanya daga ƙafa. Bayan haka ne ake kama hannunsa a shigar da shi. Game da dajin kuma ya kawo maganar akushi ɗaya da koshiya ɗaya, wadda ke cikin Babbar Dokar Zaman Lafiya tasu: al'ummai su ci daga akushi ɗaya, ba a sa wuƙa a ciki don kada a yanki wani jini ya zuba. Akwai ɗamarar wampum, saƙar ƙananan duwatsun ado na ƙwanson teku, fara mai ɗigon shuɗi mai duhu a tsakiya, da ke riƙe da wannan alkawari tsakaninsu da Anishinaabe.

Shi da kansa ya ƙara da cewa inda muke zaune ba asalin ƙasarsu ba ce. Kafin zuwan Turawa ta Neutral ce, masu dutsen ƙyastu da ake yin kan kibiya da shi, waɗanda suka ƙi shiga rikicin Wendat da Haudenosaunee har yaƙe-yaƙen wajen 1650 suka tarwatsa su. Kakanninsa sun zo ne a kan takardar Gwamna Haldimand ta 1784, wadda ta ba su mil 6 a kowane gefen kogin daga tushe har bakinsa, saboda sun goyi bayan Ingila a yaƙin 'yancin Amurka. Abin da ya rage a hannunsu yau kusan kashi 5 cikin 100 ne na wannan fili. Wannan ce iyakar farko mai lamba da awo da na ci karo da ita a tafiyar, kuma ita ce wadda aka fi ci.

A mashigar Amurka wani jami'i ya riƙe fasfona yana juya shi kamar ya tsinci abin ƙyama, ya tambaye ni abin da ya haɗa ɗan Nijeriya da kufan Indiyawan Amurka, ya maimaita tambayar da ƙarfi kamar kurma yake yi wa magana, sannan ya tura mu ɗakin jira. Bizata lafiya lau take, daga ƙarshe ya miƙo mini ba ko kallo.

Ganondagan, kusa da garin Victor a jihar New York, tudu ne mai iska inda garin Seneca mai dogayen gidaje kusan 150 ya taɓa zama, har sojojin Faransa ƙarƙashin Denonville suka kawo masa hari a 1687 suka lalata rumbunan masararsa. A nan na fahimci yadda al'ummai biyar na asalin tarayyar Haudenosaunee suke kallon ƙasarsu: dogon gida guda, shimfiɗe daga kwarin kogin Mohawk zuwa kogin Genesee. Mohawk ne masu tsaron ƙofar gabas, Seneca ta yamma, Onondaga masu riƙon wuta a tsakiya, Oneida da Cayuga a tsakaninsu. Tuscarora sun shigo wajen 1722. Majalisarsu tana da kujeru 50: Onondaga 14, Cayuga 10, Mohawk 9, Oneida 9, Seneca 8. Wasu suna kai kafuwar tarayyar zuwa 1142, yawancin masu tonon kufai kuma suna ajiye ta tsakanin ƙarni na 15 da na 16, amma kowa ya yarda ta riga Turawa shiga yankin. Kowace al'umma tana da ƙasarta, zirin da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, kuma akwai alamomin da aka sani, kamar wata maɓuɓɓuga mai zurfi kusa da Manlius tsakanin Onondaga da Oneida. Lewis Henry Morgan ne a taswirarsa ta 1851 ya miƙar da waɗannan iyakoki tamkar da rula aka ja su. Abin da layukansa ba su nuna ba shi ne dangi: Kerkeci, Beyar da Kunkuru suna cikin dukkan al'ummai biyar, don haka ɗan dangin Kunkuru daga Mohawk yana da masauki a garin Seneca.

Abincin hanya a Amurka ya fi na Kanada yawa a faranti, amma tukuicin mai kawo abinci ya zama dole, har na'urar biyan kuɗi ce ke zaɓa wa mutum kason da zai bayar. Kyautar da aka ƙayyade ba kyauta ba ce a ganina, gara su sa ta cikin farashi kowa ya huta.

Mun tsaya a bakin tafkin Onondaga, inda al'ada ta ce a nan aka ƙulla tarayyar, wanda masana'antu suka gurɓata shi shekaru masu yawa. Babbar hanyar da muka bi zuwa gabas tana kan sawun tsohuwar hanyar ƙafa ta Haudenosaunee, domin su matafiyan ƙasa ne, kwalekwalensu na ɓawon bishiyar elm yana da nauyi. Bayan magangarar Cohoes sai ƙasar Mahican ta kwarin Hudson, waɗanda Mohawk suka tura gabas a yaƙin 1624 zuwa 1628, lokacin da cinikin Holandawa ya riga ya shiga tsakani.

A tafkin Champlain mun hau jirgin fito daga Essex. Yamma ta Mohawk ce, gabas ta Abenaki, kuma tsagaggen dutsen da ake kira Split Rock, kudu kaɗan da mashigar jirgin, an daɗe ana ɗaukarsa alamar tsakaninsu. A kudancin wannan tafki ne Champlain ya harbe shugabannin Mohawk da bindiga a Yulin 1609, yana tare da Wendat, Algonkin da Innu.

Montreal mun ratsa ta a gurguje. Jacques Cartier ya tarar da garin Hochelaga a nan a 1535, mai dogayen gidaje kusan 50 da gonakin masara. Zuwa 1603 ba garin ba mutanensa. Mohawk suna kiran wurin Tiohtià:ke, Anishinaabe suna kiransa Mooniyang, kuma a nan wakilan al'ummai kusan 40 suka sa hannu kan zaman lafiya da Faransa a Agustan 1701.

A hanyar komawa Ottawa mun bi ta Akwesasne, garin Mohawk da layin iyakar da Ingila da Amurka suka shata a 1783 ya tsaga, kamar yadda aka raba Katsina da Maraɗi. Yanzu yana cikin Ontario, Quebec da New York a lokaci guda. Amurka tana mutunta 'yancin ƙetarawa da yarjejeniyar Jay ta 1794 ta ba su, Kanada kuwa ba ta ɗauke ta doka a ƙasarta ba. Unguwannin garin biyu da ke ɓangaren Quebec ba su da hanyar mota zuwa sauran Kanada sai ta cikin Amurka.